Wurin Koyon Sana'a a Jadid: Wa Zai Yi Yaɓe In An Tafi?

  

Maganarmu ta yau daga Sabha ta taso, daga unguwar Jadid. 'Yan uwanmu mazauna can sun aiko da saƙon murya. Suna da asusu da suke zubi duk wata, asalinsa don jinyar maras lafiya da sallamar wanda zai koma gida hannu wofi. Kuɗi sun ɗan taru, sai suka yi shawarar gina wurin da samari za su koyi sana'a, walda da ɗinki da gyaran sola da famfon gona. Wasu ɗalibai masu karatun injiniya sun ce za su zana musu ginin kyauta. Akwai kuma wata ƙungiya mai zaman kanta da ta nuna za ta sa hannu. Dattijon da ya yi magana a madadinsu ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, me za mu lura da shi kada gumin mutane ya bi rairayi?"

Baba, ni ba magini ba ne, aikin jarida na koya, kuma ban kai in ba manya shawara ba. Amma tunda an tambaya, na je na duba inda aka taɓa yin irin wannan aiki a ƙasarmu, abin da na samo shi zan shimfiɗa muku.

Da farko dai niyyar tana da kyau, kuma kowa ya san dalili. Duk wanda ya taɓa kwana a Sabha ya ga samarinmu da asuba tsugune bakin titi, suna jiran motar da za ta tsaya ta ɗauki lebura. Da yawansu 'ya'yan makiyaya ne da fari ko ɓarayin shanu suka raba da garke. Yaro ya san raƙumi ciki da waje, ya san taurari, ya san rijiyar da ba ta ƙafewa, amma a gari duk wannan ba ya sayen biredi. Wanda ya iya walda ko ɗora tayil, shi ake bi har ɗaki a kira, shi ke yanka farashi. Wanda bai iya komai ba, abin da aka miƙa masa da yamma shi zai karɓa, wani lokaci ma a hana shi, ba inda zai kai ƙara.

Sai dai kowa a cikinmu ya taɓa wucewa ta gaban wata cibiya mai fenti da allo babba, an rubuta sunayen ƙungiyoyi da tutocin ƙasashe, ƙofa kuwa da kwaɗo ya yi tsatsa, awaki na shan inuwa a baranda. An yi bikin buɗewa, an sha lemo, an ɗauki hoto. Bayan shekara biyu poroje ya ƙare, albashin malami ya tsaya, injin ɗaya ya lalace ba mai gyara, iska ta yaye kwano ba wanda ya ga nasa ne balle ya mayar. Irin wannan ce dattijon Jadid yake tsoro, kuma yana da gaskiya.

To bari mu je Cikal.

Cikal ƙauye ne a ƙasar Kurfai, kusa da Filinge, Hausawa ne mazaunansa. Bayan farin 1973 da 1974 itatuwa sun yi ƙaranci a yankin ƙwarai. Ku kuwa kun san ginin soro irin namu ba ya rufuwa sai da itace. Azarar giginya in an samu, in ba a samu ba a sari goriba, a sari duk abin da ya miƙe, a jera, a shimfiɗa ƙirare da zana, a zuba ƙasa. Ɗaki ɗaya yana cin itatuwa masu yawa, gara kuma ta cinye su cikin 'yan shekaru a sake saro wasu. Makiyaya, wannan ta shafe ku kai tsaye, domin itacen da ya hau rufin ɗaki shi ne wanda da tumaki za su ci ganyensa da bazara, shi ne inuwar da za a yi ƙailula.

A 1980 wata ƙaramar ƙungiya ta ƙasar Kanada da ke gudanar da aikin da ake kira Tapis Vert a Cikal ta gayyato wata ƙungiyar mai suna Development Workshop. Su wa ke nan? Ɗalibai ne suka kafa ta a 1973, suna karatun zanen gine-gine a Landan, cikinsu akwai John Norton da Allan Cain. Tun suna makaranta suka tafi Masar wajen Hassan Fathy, wani shahararren mai zanen gine-gine wanda tun shekarun 1940 ya ɗauko maginan Nuba daga kudancin Masar ya gina sabon ƙauyen Gurna da tubalin laka zalla, rufi da komai. Abin da ɗaliban nan suka koyo a can shi suka kawo Cikal. Ginin da suka fara kuwa cibiyar yaƙi da jahilci ce, wato wurin karatu, kusan irin abin da mutanen Jadid ke son yi.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka yi ginin. Ba kamfani aka ba kwangila ya zo da ma'aikatansa daga Yamai ba. Maginan yankin aka tara, su suka ɗora kowane tubali, ana nuna musu suna yi. Kafin ɗalibi ko ɗaya ya zauna a cikin cibiyar ya koyi baƙi da wasali, ginin kansa ya riga ya yaye ajin farko, ajin magina.

Bari in ɗan kwatanta muku dabarar, don masu gini da ke saurare. Ana buga ƙananan tubala masu faɗi, marasa nauyi, a shanya su bushe sarai. Bango a yi shi da kauri. A ƙarshen ɗakin a tayar da bango guda ya fi sauran tsayi, a zana baka a jikinsa. Daga nan sai a fara jera tubalan bisa zanen, ba a miƙe ba, a ɗan kishingiɗe suna jingine da bangon nan. Layin farko ya jingina da bango, na biyu ya jingina da na farko, na uku da na biyu, haka haka har rufin ya iso ɗaya gefen. Ba katako a ƙasa da ke tallafe shi, ba ƙarfe a ciki. Jinginar da danƙon laka su ke riƙe da shi har baka ta haɗe, in ta haɗe kuwa nauyinta ne ke ƙara ƙulle ta. In tulluwa ake so, wato ƙubba, sai a kafa ma'auni a tsakiyar ɗaki wanda ke juyawa, tsawonsa shi ke nuna wa magini inda kowane tubali zai zauna, yana zagayawa yana hawa har a rufe ƙoƙuwa.

Kada wani ya ce Turawa ne suka koya wa Bahaushe baka da tulluwa. Muna da bakan gizo da ɗaurin guga tun kaka da kakanni. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830 shaida ne, haka masallacin Yama a jihar Tawa da Alhaji Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Bambancin kawai, namu da itace a cikinsa, laka ce ta lulluɓe azara. Na Nuba ba ya son ko sanda. Shi ya sa maginanmu ba su sha wuya wajen kama shi ba, ido ya riga ya san siffar, hannu ne kawai ya sake salo.

Daga Cikal abin ya hau arewa. A shekarun 1980 aikin kare dajin Abzin da Tenere ya ɗauke shi zuwa Iferwan, inda itace ya fi zinariya, aka koyar da maginan can. Daga 1993 ƙasar Danmak ta sa kuɗi, aka mayar da shi shiri sosai na horar da magina a Nijar da Mali, har ya kai Muritaniya da Burkina Faso. Horon sabon shiga kimanin wata biyu ne. Makonnin farko ana gwaji a kan ƙananan bango da baka, a gina a rushe a sake, sauran makonnin kuma a kan ginin gaske wanda mai shi zai shiga ya zauna. Direbobin da ke bin hanyar Agadas, waɗannan ɗakunan masu ƙubba da kuke gani a gefen gari, na asibiti ko na ofis ko na wani talaka, yawancinsu jikokin ginin Cikal ne.

Me ya sa wannan bai mutu ba alhali wasu porojoji da suka fi shi kuɗi sun mutu? A ganina, domin abin da aka bari yana hannun mutum ne, kuma yana ba shi abinci. Maginin da ya iya rufe ɗaki ba itace ba kwano yana da abin sayarwa. Ko ƙungiya ta tafi, ko ba ta tafi ba, gobe wani zai kira shi ya biya shi, shi kuma zai ɗauki yaro ya riƙa miƙo masa laka, yaron ya koya. Ba a shigo da komai daga waje da za a ce ya ƙare. Ƙasa ce, ruwa ne, hannu ne.

Amma in faɗi gaskiya, don kada gobe a ce rediyo ta ce. Ginin laka yana da abokin gaba, shi ne ruwa, kuma ba ya yafe sakaci. Indararo ya toshe, ko aka tsallake yaɓen shekara, ko aka gina a kwari inda ruwa ke kwanciya, to sai dai a yi haƙuri. Mutanen Fezzan sun daɗe suna cewa su ba ruwansu da wannan, ruwan da ke sauka a Sabha a shekara bai taka kara ya karya ba. To a watan Yunin 2019 ambaliya ta shiga Gat. A watan Satumbar 2024 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Sabha kanta, gidaje suka zube, aka rasa rayuka. A wannan watan dai tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 170 a tsaye, ya rushe bayan ruwan sama. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 tana tsaye har yau ne saboda ba a daina yi mata yaɓe ba, kuma an san waɗanda aikin ke wuyansu. Saboda haka tambayar da na sa wa shirin yau ba wasa ba ce. Wa zai yi yaɓe in an tafi? In ba a san sunansa ba tun kafin a haƙa tushe, to da sauran magana.

Yanzu batun ɗalibai. Akwai masu raina su, su ce yaro da bai taɓa riƙe cokalin gini ba me zai zana. Ga labarin wani ɗalibi. Francis Kéré ɗan ƙauyen Gando ne a Burkina Faso, kusa da Tenkodogo, an haife shi a 1965. Kafinta ya fara koya, daga baya ya samu tafiya Jamus, ya shiga jami'a a Berlin. Yana ɗalibi, a 1998, ya kafa 'yar ƙungiya don gina makarantar firamare a ƙauyensu, yana bin abokan karatunsa suna ba shi abin da ya sawwaƙa. Da ya koma gida ya ce da laka za a yi, mutanensa ba su ji daɗi ba. A ganinsu wanda ya je Turai siminti ya kamata ya kawo, laka ai ta talaka ce, kuma damina na cin ta. Sai ya gauraya lakar da siminti kaɗan aka matse ta ta zama bulo mai ƙarfi, ya ɗaga rufin kwano sama da silin na bulo ya bar sarari a tsakani don iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi, ya kuma faɗaɗa bakin kwanon ya kare bango daga ruwa. Mutanen gari su suka yi aikin, maza na buga bulo, mata na daɓe, yara na kawo duwatsu. An gama a 2001, aji uku. A 2004 ginin ya ci lambar Aga Khan, a 2022 kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a duniyar zanen gine-gine. Samarin Gando da suka koyi aiki a wannan ginin, da shi suka ci gaba da cin abinci a wasu wuraren.

Kun ga ke nan ɗalibi ba abin rainawa ba ne. Amma ku lura da abu ɗaya, Kéré ɗan garin ne. Uwarsa da ubansa na nan, in ginin ya faɗi a kan 'ya'yan danginsa zai faɗi, kuma ba shi da inda zai ɓoye fuskarsa. Ɗalibin da ya zo aikin hutu ko aikin kammala digiri, komai kyan zuciyarsa, yana da jarrabawa a gabansa, yana da ranar tafiya. Wani kuma abin da zai burge malaminsa yake zanawa, ba abin da maso ɗinku zai iya gyarawa da kayan da ke kasuwar Sabha ba. Don haka ku karɓe su hannu biyu, ku ba su aikin da suka fi kowa iyawa. Su auna fili, su gwada ƙasa, su yi lissafin kuɗi dalla-dalla, su rubuta takardun Larabci da za a kai baladiya. Amma kowane ɗalibi a haɗa shi da tsohon magini da samari biyu ko uku daga cikin waɗanda za su yi karatu a wurin. Duk abin da ya zana a takarda, sai ya sauko ya nuna shi da igiya da turke a ƙasa, har wanda bai yi lakwal ba ya gane. Zanen da ya gagari wannan, a mayar masa ya sake.

Haka aka yi a Dandaji ta jihar Tawa. Mariam Issoufou Kamara, 'yar asalin garin, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018. Da za su taɓa tsohon ginin sai suka nemo maginan da suka yi shi tun farko aka yi aikin tare. Masu digiri ne daga Amurka, amma ba su ga sun fi ƙarfin tambaya ba.

Jadid kuwa tana da nata tsofaffin. Unguwar na cikin tsofaffin garuruwan da suka haɗu suka zama Sabha, tun kafin siminti ya zo mutanen wurin ke gini da ƙasarsu suna rufi da kututturen dabino, kamar na Gat da Murzuk da Gadamas. Ba na cewa lalle sai kun yi ƙubba irin ta Cikal. Can rashin itace ne ya kawo ta. A Sabha damuwar daban ce, zafin bazara da ke haura digiri 40, da wutar lantarki da ke ɗaukewa ta bar na'urar sanyaya ɗaki ta zama kayan ado. Ɗakin bulon siminti mai rufin kwano a irin wannan rana tanda ne, ba yaron da zai iya zama ya koyi komai a ciki. Bango mai kauri, taga ƙarama a inda iska ke bi, rumfa mai faɗi don aikin walda, waɗannan ba sa neman lantarki. Kuma ƙasar yankin akwai rairayi akwai gishiri, gishiri kuwa yana cin gindin bango. Tsohon Bafezzane da ya gina gidan ubansa ya san ramin da ake ɗibar ƙasa mai kyau. Ku neme shi, ku kai masa shayi da sukari, ku zaunar da ɗaliban a gabansa.

Sai maganar da ta fi nauyi, wadda na san 'yan Jadid sun fi ni saninta. Fili na wa? Dokar Libiya ba ta ba baƙo damar mallakar fili. Ke nan duk abin da za ku gina, a kan ƙasar wani zai zauna, da sunan wani. Mutumin kirki ne yau, Allah ya ƙara masa. In ya rasu fa, magada suka zo rabon gado? In farashin wurin ya tashi saboda ginin da kuka yi? Kayan aro ba ya rufe katara. Fatake sun san wannan, ba wanda ke loda wa motar da bai san mai ita ba. In za a yi, a yi da takarda, shekara nawa, haya nawa, wa ke da ginin, wa ke da kayan ciki, a gaban muktar na unguwa da shaidu, baladiya kuma ta sani. Ni a nawa ra'ayi, in wannan takarda ba ta samu ba, kada a ɗora tubali ko ɗaya. A kama hayar gareji, a zuba kuɗin a injin walda da kekunan ɗinki da albashin malami, abubuwan da in ta ɓaci za a iya loda su a mota. Ginin dindindin kuma a yi shi a gida, Agadas ko Tanut ko inda mafi yawan masu zubin suka fito.

Ita ma ƙungiyar da ta yi alkawari, ku gode mata, amma ku sa a ranku baƙuwa ce mai jaka a hannu. Ba sai ta yi niyyar cin amana ba. A watan Afrilun 2025 hukumar tsaron cikin gida ta Turabulus ta dakatar da ƙungiyoyin agaji na waje guda goma a lokaci ɗaya, tana zarginsu da neman zaunar da baƙi 'yan Afirka a ƙasar. A wannan shekarar dai Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyuka da yawa a Sahel suka tsaya cak. A Nijar ma gwamnati ta sallami wasu ƙungiyoyin. Wanda ya ɗora albashin malaminsa kacokan a kan irin wannan, ya san abin da ke jiransa. Ku tambaye su a fili, shekara nawa za ku yi da mu? Me za ku saya, me ba za ku saya ba? Ranar da za ku tafi, kayan na wa? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Kuma abin da ya fi dacewa a karɓa daga hannunsu shi ne abin da ake saya sau ɗaya ya daɗe, kamar faifan sola da injuna da horar da malamai. Abin da ake biya duk wata ya fito daga cikinku, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Zargin nan na zaunar da baƙi kuma ya kamata ya sa a yi hattara da suna. Sabha gari ne da ya sha rikicin ƙabilanci, kowa ya san shekarun da yaron wata unguwa ba ya iya tsallaka titi zuwa wata. In aka ce wurin nan na 'yan Nijar ne kawai, ko na Hausawa kawai, an sa masa alama. In kuwa ɗan maƙwabci Balarabe da Batube da Buzu suna ciki suna koyon gyaran sola tare da naku, to iyayensu sun zama masu gadi ba da albashi ba.

Daga ina kuɗin wata-wata zai fito? Daga aikin hannun yaran. Nan ne nake kira ga Alhazanmu 'yan kasuwa. Kuna sayen ƙofofi da tagogi, kuna ɗaure wa motoci ƙarafan lodi, kuna gyaran tankunan ruwa da na mai duk tafiya. Ku kai wa cibiyar wannan aikin, ku biya farashin kasuwa, ba sadaka ba. Gonakin da ke kewaye da Sabha cike suke da famfuna da ke lalacewa. Masu kawo raƙuma da tumaki suna bukatar kwamin shayarwa da shingen ƙarfe a kasuwar dabbobi. Kashi ɗaya na kuɗin aikin ya tafi ga yaron da ya yi, kashi ɗaya ga malami, kashi ɗaya a ajiye don gyara, a rubuta a littafi wanda kowane mai zubi zai iya buɗewa ya gani. Maƙullin kuma kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya.

Ardo da sauran iyayena makiyaya, na san abin da za ku ce, wa zai saki yaro shekara biyu alhali ga dabbobi? Gaskiya ne. Shi ya sa wata biyun nan na maginan Nijar ya burge ni. Ba a ce mutum ya bar rayuwarsa ba. Ya zo lokacin da aiki ya yi sauƙi, ya koyi abu ɗaya ya iya shi sosai, ya koma, baɗi ya dawo ya ƙara. Yaron da ya rako dabbobi Sabha yana jiran a sayar a biya shi, sau da yawa makonni yake yi zaune. In cibiyar Jadid ta tsara karatunta gajere-gajere irin haka, wannan zaman jiran ya isa ya koyi haɗa faifan sola da batir, ko kwance famfo ya mayar, abin da zai amfane shi a bakin rijiyar ruggarsu. In kuwa aka kwafo jadawalin lakwal, shiga Oktoba fita Yuni, to 'ya'yan gari kawai aka yi wa. 'Yan mata ma a ware musu ranakunsu da malama mace, in ba haka ba iyaye ba za su bari ba, kun fi ni sani.

Baba na Jadid, abin da na samo ke nan. A fara da ɗaki ɗaya da rumfa, waɗanda za su yi karatu a ciki su gina da hannunsu, a ga yadda ya sha bazara ɗaya da sanyi ɗaya kafin a ƙara na biyu.

Ina roƙon duk wani magini da ya yi horon gini ba itace, a Iferwan ne ko Agadas ko Filinge, ya aiko mana da saƙon murya. Muna son jin nawa ɗaki ɗaya ke ci yanzu in an kwatanta da na kwano, da kuma abin da ruwan 2024 ya yi wa gine-ginenku. Za mu sa muryoyinku a shirin mako mai zuwa, bayan farashin dabbobi da canjin dinari. Mutanen Jadid kuma ku sanar da mu yadda kuka ƙare da mai fili.

Sai Allah ya kai mu. A huta lafiya.